Yadda muke fama da ruwan jima a kamfanin fatarmu na Challawa a Kano

15 Janairu 2024

Yau da safe Alhaji mai kamfanin ya kira ni ofis, ni da manajan samar da kaya, ya ce kwastomanmu na Italiya da yake ɗaukar wet-bulu, wato fatar da aka jeme da sinadarin kurom ta zama shuɗiya ba a ƙarasa gyara ta ba, ya aiko cewa daga yanzu sai mun nuna masa satifiket ɗin ISO 14001 in ba haka ba zai rage oda, kuma tunda ni nake lab ni zan riƙe aikin. Na ce to ranka ya daɗe Allah ya ba mu iko. A raina kuwa daɗi na ji, don shekara nawa ina auna ruwan da muke saki ina rubutawa a littafi ba mai tambayata me na gani.

Ga wanda bai sani ba, ISO 14001 ƙa'ida ce ta duniya da hukumar ISO da ke Jeneba ta fitar a 1996, aka sabunta ta a 2004, aka kuma sabuntawa a 2015, kuma ta 2015 ɗin za mu bi. Abun da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ita ba ta ce maka kar kurom ɗin ruwanka ya wuce kaza, wannan aikin doka ne. Ita cewa take ka san duk inda aikinka yake taɓa muhalli, ka san dokar da ta hau kanka, ka sa wa kanka buri, ka auna, in ka kauce ka gyara, ka sake zagayowa. Tsarawa, aikatawa, dubawa, gyarawa, haka ake ta juyawa. Wani Ba'amurke Deming shi ya yaɗa wannan zagayen, ya koyar da shi a Japan tun 1950, kamfanoninsu suka riƙe shi da gaske. Zan dinga rubuta yadda ake ciki a nan, mai kyau da mara kyau.

31 Janairu

Na kwashe sati biyu ina bin ruwa da ƙafa, daga inda fata take shigowa da gishirinta har kwatar da take fita bayan katanga. Gani ya kori ji wallahi. A takarda abun a tsare yake, a jiƙa fata a wanke gishiri, a sa ta a farar ƙasa da salfaid gashi ya zube, a kankare nama da kitse, a cire farar ƙasar, a tsoma ta a gishiri da asid, sannan a ba ta kurom ta zama shuɗiya. Amma a ƙasa duk ruwan nan kwata ɗaya yake bi, na salfaid da na asid da na kurom duk a haɗe.

Akwai wani dattijo a sashen farar ƙasa, kowa Baba yake ce masa, ya fi shekara ashirin a kan dram ɗin nan, wato babbar gangar da take juyawa da fata a ciki. Da farko ƙin kula ni ya yi, ya ɗauka rahoton mutane nake haɗawa. Sai a kwana na huɗu ya ce zo nan ɗana, ya kai ni bayan sito ya ɗaga wani tsohon kwano, sai ga kwatar ta tsage a ƙasa ruwa yana tsiyaya yana bin gindin katanga bai ma isa tankunan tacewa ba. Na ce Baba tun yaushe? Ya ce tun kafin ka zo gidan nan, na faɗa sau biyu aka ce in yi aikin gabana.

Ranar Asabar na bi kwatar waje a kan mashin har inda ta gangara wajen kogin Challawa. Masu lambu suna nan da injinan ban ruwa, latas, kabeji, albasa, tumatir. Kayan nan kasuwanninmu suke shigowa, gidana ma ana saye. Haka abun yake a ɓangaren Sharaɗa da Salanta, haka ruwan Bompai yake bin Getsi ya faɗa Jakara. Kakana majemi ne a cikin gari, da toka da bagaruwa ya yi sana'arsa har ya rasu, wari kam akwai amma ba ƙarfe mai guba a ruwansa. Mu da muka zo da injina nauyin da ke kanmu ya fi nasa nesa ba kusa ba.

22 Fabrairu

Raina ya ɓaci yau. An ɗauko mana wani mai ba da shawara daga waje, ya zo da fayil mai kauri wai komai an rubuta saura mu sa hannu. Ina buɗawa na ga ana maganar ƙurar siminti da fasa dutse, ashe takardun wani kamfani ne daban aka goge sunansu aka sa namu, ko sau ɗaya kalmar kurom ba ta fito ba. Na kai wa Alhaji na ce ranka ya daɗe in takarda kawai ake so ga ta nan, amma ranar da odita ya tsaya gaban Baba ya tambaye shi me ke cikin wannan, kunya za mu sha, kuma ruwan bayan katanga yana nan yadda yake. Ya yi shiru can ya ce in rubuta namu da kaina, shi mutumin ya dinga dubawa kawai.

Na fara da rijistar dokoki. Dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992, dokar da ta kafa NESREA, hukumar ƙasa da ke tabbatar da ana bin dokokin muhalli, a 2007, sai ƙa'idojin da suka shafe mu kai tsaye na 2009 na masana'antun masaƙa da tufafi da fata da takalma, a ciki ne aka sa iyakar abun da ruwanmu zai ɗauka kafin ya fita, ga kuma binciken muhalli da ake so kamfani ya yi duk shekara uku. Da nake karantawa na tuna asalin abun, ƙasar nan ba ta da hukumar muhalli sai da aka jibge dagwalo mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, shi ya sa aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya ta wancan lokacin, a shekarar. Yanzu kuma daga Italiyar ake tambayarmu takardar tsafta, kuma ni ban ga laifin tambayar ba, da ma abun da ya kamata mu yi ne tun ba a tambaya ba.

16 Maris

Azumi, aiki ya yi sanyi. An gyara tsagaggiyar kwatar nan da siminti buhu shida, shekara da shekaru ashe abun da ya tsaya a kai kenan. Mun sa mitar ruwa a bakin rijiyar burtsatse da kuma sashe uku. Ba mu taɓa sanin ruwan da muke sha a kan kowane tan na fata ba, tiyo a sake yake tun safe har yamma ana wanke daɓe. Zan tara karatun wata biyu kafin in sa buri, bana son in sa adadi daga ka.

25 Afrilu

Allah ya kiyaye mu shekaranjiya, har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Wani yaro lebura ya sauka ramin da ruwa yake taruwa don ya cire gashin da ya toshe raga, daidai lokacin kuma a can ciki aka saki dram ɗin asid bayan na farar ƙasa bai gama wucewa ba. In ruwan salfaid ya haɗu da asid iska ce take tashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi ya sa take kwanciya a rami, kuma mugun abun shi ne in ta yi yawa hanci daina jin warin yake, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ne take kisa. Yaron ya ce jiri kawai ya ji ƙafarsa ta saki. Wani abokinsa har ya yunƙura zai dira ya ɗauko shi, Baba ne ya riƙe masa riga ya daka masa tsawa, suka jefa igiya ya kama suka jawo shi. Da ya dira da yanzu maganar mutum biyu muke. An kai shi asibiti, ya kwana ɗaya, yau na je gidansu na gaishe da mahaifiyarsa, tana ta yi mana addu'a ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita, don tun Janairu na rubuta haɗuwar kwatocin nan a jerin abubuwa masu haɗari na bar shi a layi ina jiran kasafi.

Manaja ya so a bar kaza cikin gashinta, wai yaro ya warke a rufe maganar. Na ce yallaɓai ba zai yiwu ba, sashe na 10 na ƙa'idar cewa ya yi in abu ya faru a nemo tushensa a toshe, kuma ko ba ƙa'ida ai rai ne. Muka zauna mu bakwai muna tambayar me ya sa, me ya sa. Me ya sa ya sauka, raga ta toshe. Me ya sa take toshewa kullum, don gashi narkar da shi muke muna saki cikin ruwa. Me ya sa aka saki asid a lokacin, don mai dram ɗin asid ba ya ganin ramin kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya tambaya. Ba wanda aka kora, na dage a kan wannan sosai. An yanke za a raba kwata uku, salfaid daban, kurom daban, sauran daban, kuma daga yau ba mai sauka rami sai da takardar izini da igiya a ƙugu da mutum a sama da na'urar auna iskar. Alhaji ya sa hannu a kuɗin a take duk da kuɗin wutar Band A da ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a farkon watan nan ya sa kowa a matse yake.

29 Mayu

An gama raba kwatoci. Ruwan salfaid yanzu tankinsa yake zuwa ana hura masa iska da ɗan manganis salfet na awanni kafin ya haɗu da sauran.

Amma abun da na fi son rubutawa yau littafin rahoto ne. Na buga fam na ajiye a kowane sashe wai duk wanda ya ga yoyo ko zubewar kemikal ya cike, sati uku ko ɗaya ba a cike ba. Na tambayi Baba ya ce ɗana fam ɗin naka da Turanci yake, kuma wa zai rubuta sunansa a kan abun da gobe za a ce shi ya ɓata? Gaskiyarsa. Na mai da shi Hausa, na cire gurbin suna, na ce wanda ajami ya iya ya rubuta da ajami, na buɗe gurup a WhatsApp wanda ba ya son rubutu ya ɗauki hoto ya yi magana da murya. Sai na ɗauki alkawari ɗaya, duk rahoton da ya shigo cikin kwana uku zan dawo da amsa ko da amsar ita ce babu kuɗi yanzu. Sati na farko biyu suka shigo, bawul mai ɗiga da buhunan salfaid da aka jera a ƙasa inda ruwan sama zai same su. Na tabbatar an gyara duka biyun an kuma faɗa a mitin ɗin safe. Sati na biyu tara suka shigo. Wani ma cewa ya yi a sa wa tiyo kan da yake rufe kansa in an saki, ɗan ƙaramin abu, mita kuwa ta nuna bambanci a satin.

3 Yuli

Sallar layya ta bi ta kan tsarinmu. Tun 16 ga Yuni da aka yi sallah fata take shigowa mota mota, ta rago da ta akuya, har da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda masu saye suke rububinta, dramomi ba sa tsayawa dare da rana, aka ɗebo sabbin leburori da ba su san komai a kan rami ko kwata ba, tankin salfaid ya cika aka dinga sakinsa kafin lokacinsa ya yi. Kwana goma ba a cike takardar awo ba, ni kaina ban samu na duba ba. Na rubuta shi a matsayin kaucewa, kuma laifin na tsari ne, mun tsara komai a kan aikin watan Maris alhali kowa a garin nan ya san me ke zuwa bayan layya.

Wani abun da na lura shi ne gishiri. Tankunan tacewa ba sa cire gishiri, yadda ya shiga haka yake fita, kuma shi ne yake kashe ƙasar lambu a hankali. Mun fara kakkaɓe fata a kan katako kafin a jiƙa ta, abun da ake tarawa a rana sai da ya ba ni mamaki.

20 Agusta

Farkon watan nan zanga-zanga da dokar hana fita sun tsai da mu kwanaki. Da aka dawo na je Zariya cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samaru don in ƙara fahimtar yadda ake dawo da kurom. A jima irin wadda aka saba fata ba ta shanye kurom ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake tafiya, wato kuɗinmu ne da muka sayo da dala muke zubarwa a kogi kuma muna cutar mutane da shi. Hanyar ba ta da wuya a baki, a tara ruwan kurom shi kaɗai, a zuba masa magnesiyam oksaid kurom ɗin ya kwanta a ƙasa kamar laka, a tsiyaye na sama, a narkar da lakar da asid a mai da ita dram.

Gwajin farko bai yi ba. Kitse da ɓarɓashin fata sun biyo ruwan, fatar da muka gwada ta fito da tabo tabo, manaja ya ɗaga ta a gaban mutane ya ce wannan za ka aika Italiya? Ban ji haushinsa ba, shi ingancin kaya aka ɗora masa. Mun sa raga mai ƙananan ido kafin tanki, kuma za mu dinga haɗa wanda aka dawo da shi kaɗan kaɗan da sabo, ba duka lokaci ɗaya ba.

28 Oktoba

Kusan mako guda ba wuta a yawancin Arewa, komai a kan janareta. Da dizal ya fara ƙasa abu na farko da aka kashe injin hura iska na tankunan tacewa ne, ba wanda ya faɗa min, wani ne ya turo murya a gurup da daddare ya ce Malam injin bayan nan shiru yake tun la'asar. Da safe muka yi sa-in-sa da manaja, ya ce oda ce a gabansa, na ce in dram yana juyawa dole injin iska ya juya, in dizal ba zai ɗauki duka ba a rage dram. Muka je gaban Alhaji. Ya ce a kashe dram biyu a kunna injin. An rubuta shi ya zama doka a gidan, kuma na san ta ci kuɗi don odar ta makara da kwana huɗu.

Abun da ya tsaya min a rai, wanda ya turo saƙon nan shi ne yaron da ya faɗa rami.

10 Disamba

Mun yi binciken cikin gida. Na horar da mutum huɗu, sitokifa ya binciki lab ɗina, ni na binciki sito, don ba a yarda mutum ya binciki aikin kansa ba. Ya kamo ni da na'urar auna tsamin ruwa da ba a daidaita ta ba tun Yuli, ke nan wasu alƙaluman da na rubuta a tsakanin sai an sa musu alamar tambaya. Na karɓa, an rubuta, na sa ranar daidaitawa a kalanda duk wata.

Zaman bita na shugabanni ya ɗau awa uku, karon farko da na ga Alhaji ya zauna ana maganar ruwan kwata bai duba waya ba. Ruwan da muke sha a kan tan ya ragu, kurom ɗin da aka dawo da shi yanzu yana shiga aiki ba tabo, sayen sabo ya ragu, wannan ne ya fi jan hankalinsa kuma ba laifi. An amince a gwada cire gashi ba tare da narkar da shi ba a dram ɗaya, a tace shi a kwashe.

12 Fabrairu 2025

Oditocin waje sun zo zagaye na farko, su biyu. Takardu ba su ɗau lokaci ba, matar cikinsu ta ce a kai ta ƙasa. Ta tsaya wajen Baba ta tambaye shi ta bakin tafinta me zai yi in buhun salfaid ya fashe kusa da kwata, ya ba ta amsa tiryan tiryan har ya nuna mata inda yashi da shebur suke. Sai ta zagaya bayan tankuna ta ga tulin laka da muke kwashewa da kuma ɓarɓashin wet-bulu da injin aski yake fitarwa, ta ce waɗannan ina suke zuwa? Na ce mai tifa ne yake zuwa ya kwashe. Ta ce ya kai ina? Ban da amsa. Shekara guda ina bin ruwa ban bi tifa ba.

14 Afrilu

Na bi tifar a kan mashin ba tare da direban ya sani ba. Wani tsohon kududdufi yake juyewa a bayan gari kusa da gidaje, yara suna wasa a gefe, kuma na ga alamar ana cinna wa ɓarɓashin wuta. Kurom ɗin da muke jima da shi mai lamba uku ne, amma in aka ƙona shi yana iya komawa mai lamba shida, wanda aka tabbatar yana jawo kansa. Na ɗau hoto na kai wa Alhaji a daren, an dakatar da mai tifar washegari.

Yanzu lakar tana taruwa a cikin gida, mun yi mata daɓen siminti da rumfar kwano kafin damina, a lissafina wurin zai ɗauke mu wata huɗu zuwa biyar. Na rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA ina neman su nuna mana wurin da aka amince a kai irin wannan da kuma mai kwasa mai lasisi, na kuma fara tuntuɓar masu haɗa allon fata daga ɓarɓashi ko za su dinga karɓa. Maganar kududdufin ma ba ta mutu ba, na sa ta a ajandar zaman shugabanni na gaba don kayanmu ne a wurin, kuma ina so mu je wajen mai unguwar da kanmu. Na roƙi oditoci su ɗaga zagaye na biyu zuwa bayan sallah, kwastoma bai ji daɗi ba amma ya yarda da muka aika masa hotunan rumfar da wasiƙun.

Layya farkon Yuni za ta kama. Satin nan zan fara horar da leburorin wucin gadi tun kafin fata ta iso, Baba ne zai yi musu bayanin rami, kuma ana haɗa tankin salfaid na biyu, mai walda ya ce ranar Alhamis zai gama.